Zuwa Ga Uwar Anko Ta Babura

'Yar kawu, ina gaisuwa gwargwadon tsawonki, wato 'yar kaɗan. Ina fatan mutanen Babura suna lafiya, da yara, da bawan Allahn da aka jarabta da aurenki. Ki gaishe min da Kawu da kyau, ki ce masa ba da shi nake ba.

An daɗe ana faɗa min cewa tun da aka kafa muku Jami'ar Fasaha ta Tarayya a 2021 kowa a Babura ya zama masani, har wanda bai taɓa leƙa ƙofarta ba. Na ɗauka sharrin mutanen Kazaure ne, sai da na ga dokar da kika kafa kan ankon bikin autarmu. Atamfa iri ɗaya, wannan ba wanda ya yi musu. Amma kika ƙara da cewa ɗinkin ma iri ɗaya za a yi: doguwar riga mai kama jiki tun daga ƙirji har gwiwa, sannan ta buɗe a ƙasa. Kika haɗa da hoton wata baiwar Allah da kika tsinto a Instagram, kika ce tela ɗaya ne zai ɗinka wa kowa don kada a ɓata miki tsari. Tun daga 'yan matan Kazaure har Gwaggo ta Amaryawa da matan yayyenmu na Korayel, wai kowa ta aiko da rigar awo kafin ƙarshen wata.

Ban yi mamaki ƙwarai ba. Ku dama kun saba a yanko muku daga nesa ku saka. Ƙasarku tana ƙarƙashin Masarautar Kano har 1991, da aka yi Jigawa aka miƙa ku ga Ringim. Mu kuwa na Kazaure, tun wajen 1819 Ɗan Tunku ya ce ba za a auna shi da awon Kano ba, ya yanki tasa ƙasar daga gefen Kano da Katsina da Daura, ya kuma tsaya a kan bakansa. Jikokin mutanen nan kike so ki zuba a riga ɗaya? Ko Yarbawa da muka koyi anko a wurinsu, yadi suke rabawa, kowace mace ta tafi wurin telanta ta ɗinka abin da ya karɓe ta. Ke kin ari al'adar mutane kin fi su zaƙewa.

Wannan yarinya ta cikin hoto, kin dube ta da kyau kuwa? Tsaye take, ta riƙe numfashi, ta karkata ƙugu gefe guda, an haska mata fitila ta inda ya dace, mai hoto ya ɗauka ya kuma bi da gyara. Ba ta zauna a tabarma da rigar ba. Ba ta durƙusa ta gaida surukai ba, ba ta hau babur daga Roni zuwa Kazaure ba, ba ta yi ruku'u da sujada a ciki ba, ba ta goya yaro ba. Matan da kika yanke wa hukunci duk za su yi waɗannan a yini guda, cikin zafin da ke haura digiri 40 idan bazara ta kankama, ga shafi mai santsi a ciki wanda ba ya shan gumi. Atamfa auduga ce saƙaƙƙiya, ba ta miƙewa. Jikin mutum kuwa idan ya zauna ƙugu da cinya sai sun ƙara faɗi. Shi ya sa tela na ƙwarai yake ƙara inci 2 ko fiye a kan awon ƙugu, ya kuma bar rara a cikin ɗinki don ranar da za a buƙaci saki. Ki ƙara da cewa wankin farko yana fitar da sitaci, yadi ya ɗan tsuke. Wanda ya yanka cif-cif da jiki, zif ne zai ba da shaida a tsakiyar taro.

Sai maganar rigar awo, wadda ita ce ta fi ba ni dariya. Kin san halinmu. Mata da yawa a ƙasar nan ba sa tsayawa gaban tela namiji ya zagaya su da tef, kuma suna da hujjarsu ta kunya da ta addini. Sai a ƙulle tsohuwar riga a leda a ba yaro ya kai. Riga tana iya faɗa wa tela faɗi da tsawo. Ba ta iya faɗa masa inda jikin mai ita ya fi tsukewa, ko kafaɗarta a miƙe take ko a zube, ko kuma tun kafin haihuwa biyu aka ɗinka ta. Bubu da sakakkiyar riga suna yafe irin wannan rashin sani. Riga mai kama jiki ba ta yafiya, inci ɗaya ya isa ya tona asiri. Kin haɗa tela da matan da bai taɓa gani ba, da hoton macen da su ma ba su taɓa gani ba, kina jiran a yi kyau. Ga mata teloli sun cika gari yanzu. Wadda ba ta samu ba, ta sa 'yar'uwarta ta auna ta a ɗaki: kafaɗa, ƙirji, ƙasan ƙirji, tsakiya, ƙugu, tsawon hannu da na riga, ƙugun kuma a auna shi sau biyu, a tsaye da a zaune. A rubuta a takarda a ba yaron.

To, bari in fara da ke, tun da ke ce shugaba. Allah ya ba ki faɗi ya rage miki tsawo, kuma wallahi ba aibi ba ne, a gidan Kawu kaf ba wanda ya kai ki kyan fuska, ko da yake ba a kafa gasar da tsauri ba. Amma atamfar da kika zaɓa furenta ɗaya ya kai faifai. A jikin doguwa za a ga fure uku a jere, a gane abin da mai zanen ya nufa. A jikinki fure ɗaya da rabi za a gani, rabin ma a wajen ɗinkin gefe. Gajera mai jiki ƙananan zane take so, ko matsakaita, da launi ɗaya daga sama har ƙasa don ido ya zarce bai tsaya ba. Duk inda aka gitta mata wani abu, ko ɗamara mai faɗi, ko 'yar tattarar nan da ake zagaya wa riga a ƙugu, ko siket mai wani launi daban, an raba ta biyu, kuma ke idan aka raba ki biyu ban san abin da zai saura ba. A ɗaga miki yankan tsakiya ya hau sama kaɗan, rigar ta sauka har idon sawu ba ta ja ƙasa ba, hannu ya bi dantse ba tare da kumbura ba, ki ɗaura ɗankwali mai tashi. Shi kenan kin ci inci 3 kyauta.

Ni kuma da kike kira sandar rake tun muna yara, abin da ya cuce ki shi ya raya ni. Doguwa siririya tana ɗaukar babban fure, tana ɗaukar tattara, tana ɗaukar hannu mai faɗi da riga mai hawa-hawa. Shadda mai tauri, irin ta Getzner da ake kawowa daga Ostiriya, tana tsayawa nesa da jiki ta ba siririya cikar da ba ta da ita, alhali ke idan kika saka ta da sitacinta sai an buɗe ƙofa duka biyu. Abin da ba ya yi mana shi ne irin rigar da kika zaɓa, domin tana neman ƙugun da za ta kama, idan ba ta samu ba sai ta yi ta lilo. Kin ga ke nan dokarki ta haɗa ni da ke a asara ɗaya, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka haife mu.

Matar yayanmu ta Gwiwa nata daban ne. Kafaɗa 'yar ƙarama, ƙugu kuwa masha Allah. Irin wannan jiki idan aka ɗinka riga daidai da ƙugu sai sama ta yi mata yawa, idan aka bi sama sai ƙasa ta ƙi shiga. Maganinta yankan da teloli ke kira A, wanda ke kama kafaɗa da ƙirji sannan ya riƙa buɗewa a hankali har ƙasa. Christian Dior ne ya yayata shi a Faris a 1955, amma kada ki je ki ce wa matan Babura ke kika ƙirƙiro. Duk wani ado nata a kai shi sama: aiki a wuya, wuya mai faɗi zuwa kafaɗa, hannu mai ɗan tashi. Ƙasa a bar shi lami, ba aljihu a gefe, ba dutse, ba fure a daidai mazauni. Wadda kuma Allah ya yi wa akasin haka, faffaɗar kafaɗa da cikar ƙirji amma ƙugu shafal, sai a juya lissafin. A rage mata kaya a sama, wuya ya ɗan yi tsini ƙasa gwargwadon abin da mutunci ya yarda, ba kumburarren hannu, ba surfani mai nauyi a ƙirji, a ba siket ɗin yalwa. Waɗannan biyun idan suka tsaya tare cikin ɗinki ɗaya, kowace za ta ɗauka tela ya ba ta rigar ɗayar.

Inda na fi jin haushinki shi ne wajen masu jego da iyayenmu. A danginmu akwai wadda ba ta daɗe da gama wanka ba, akwai masu haihuwa biyar da shida. Cikin da ya ɗauki 'ya'ya ba ya komawa yadda yake don an yi biki. Irin wannan mace a yanka mata riga daga ƙasan ƙirji ta sauka sakayau, ko riga mai tsawo da ta wuce ƙugu a kan zane, da yadi mai laushi wanda ke zubowa. A nisanta ta da yadi mai ƙyalli, domin ƙyalli yana kama haske a duk inda jiki ya taso ya nuna wa jama'a. Mai shayarwa kuma a tuna mata da zif ko maɓalli a gaba, ba a baya ba. Ita kuwa Gwaggo ta Amaryawa, da aka nuna mata hoton a waya, ta daɗe tana kallo sannan ta tambaya ko yadin ne bai ishi yarinyar ba. Matar da ta aurar da jikoki kike so ta shiga rigar da sai mutum biyu sun ja mata zif? Bubu ne nata, ko riga da zane biyu, da mayafi mai nauyi a kafaɗa. Idan ta shigo a haka kowa zai gyara zama.

Na san abin da za ki ce, domin na san inda kike karatu. Za ki kawo min jadawalin nan na waya da ya kasa mata gida-gida da sunayen 'ya'yan itatuwa, ki ce ai rigar da kika zaɓa ita ce ta mai cikakkiyar ƙira. To ji wannan. A 2005 masu bincike a Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa, a Amurka, sun duba awon mata fiye da 6,000. Suka tarar kimanin 8 cikin 100 ne kaɗai ke da ƙirar nan ta ƙirji da ƙugu daidai da tsukakkiyar tsakiya, wadda masu yin tufafi suka fi yanka kaya dominta. Kusan rabi, 46 cikin 100, miƙaƙƙu ne, tsakiyarsu ba ta bambanta sosai da sama da ƙasa ba. Can ne fa inda hotunan ke fitowa. Idan a garin masu abin ma haka lissafin yake, ke da wa kika shirya wa wannan anko?

Kuma ba duk abin da jadawalin ya faɗa ne gaskiya ba. An daɗe ana tsorata masu jiki da cewa zane mai ratsi a kwance yana ƙara ƙiba, na tsaye yana ragewa. Tun 1867 wani masani Bajamushe, Hermann von Helmholtz, ya nuna cewa murabba'in da aka cika da layuka a kwance ya fi bayyana da tsawo da rashin faɗi a ido, a kan wanda aka cika da layuka a tsaye. A 2011 Peter Thompson na Jami'ar York a Ingila da abokiyar aikinsa suka gwada abin a kan siffar mace, suka ga ratsin kwance bai ƙara mata faɗi ba, sai ma ɗan ragi. Bambancin kaɗan ne, ban ce ki je Kantin Kwari ki kwaso duk mai ratsi ba. Abin da na ɗauka a ciki shi ne ratsi ba shi ne babban mai laifi ba. Girman zanen a kan girman mai sakawa, da nauyin yadi, da inda aka sa yanka, su ne ke yin aikin. Riga ta matse, ko da wane irin layi ne a jikinta, ƙara mutum take yi. Wannan ne masu jiki da yawa suka kasa yarda da shi, suna ganin matsewa ragi ce.

Yanzu bari in ajiye wasa na ɗan lokaci, don akwai inda dokarki ke kaiwa wanda ba na dariya ba ne. Idan aka ce ga riga, kowa ta nemo jikin da zai shige ta, 'yan mata nemowa suke yi. Mai sauƙin ciki ita ce mai sayen ciko, a cusa nan a cusa can, wanda 'yan kasuwa da kansu suka raɗa wa suna a-cuci-maza. Sai mai ɗaure ciki da rigar nan mai ƙarafa da ta shigo yayi a 'yan shekarun nan, a yini ba ci ba sha ba numfashin kirki. Mafi muni ita ce mai shan ƙwayoyin sha-ka-fashe don ta ciko kafin biki. Daga cikin abin da ake sha da wannan suna akwai dezametazon, maganin da likita ke bayarwa don asma da kumburi, na ɗan lokaci kuma bisa awo. Wadda ta maishe shi abinci, fuska ce ke kumbura, kitse ya taru a ciki da bayan wuya, hannu da ƙafa su sirance, ga hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi suna jira a gaba, kuma barinsa farat ɗaya ma haɗari ne. Wato ko ƙugun da aka sha shi dominsa ba ya bayarwa. Muna da 'yan mata masu tasowa a Kazaure da Babura da suke kallon abin da mu manya muke yabawa. Ba na so wata ta je kemis saboda hoton da kika tura.

Abin da ya fi ba ni takaici, maganin duk wannan yana cikin akwatin iyayenmu tun tuni. Dubi zane. Yadi 2 ne daga cikin yadi 6 na turmi, ba zif, ba maɓalli, ba awo. Budurwa ta ɗaura shi, ta yi aure ta ɗaura shi, ciki ya tsufa ta ɗaga shi sama, ta haihu ta sauke shi, ta yi ƙiba ta rage kai, ta rame ta ƙara. Doguwa irina kaɗai ke da ƙorafi, domin faɗin atamfa shi ne tsawon zane, bai fi inci 46 zuwa 48 ba, sai an yi mana ƙari daga sama inda riga za ta rufe. Ke kuwa har ninkewa kike yi. Kamfanin Vlisco na garin Helmond a Holan ya fara aiki tun 1846, 'yan Sin sun zo sun cika kasuwa da nasu mai sauƙin kuɗi, yayi ya zo ya wuce ba adadi, amma har yau ba a kawo ɗinkin da ya san jikin mace kamar yadda zane ya san shi ba. Ban ce a daina ɗinkin zamani ba, ni ma ina yi, kin kuwa san na fi ki iya zaɓe. Cewa na yi wanda zai yanka wa mace riga ya fara kallon macen.

Har mayafi ma da kika ce kowa ta yafa iri ɗaya, da sake. A waje shi ne rabin abin da ake gani. Gajera idan ta yafa mai faɗin gaske ya sauko mata har ƙwauri, tafiya kawai za a gani ba mai tafiyar ba, gara matsakaici mai launin da ya bi kayan. Mai cikar ƙirji tana son mai kauri kaɗan wanda ba ya mannewa. Mai hijabi kuma ta lura da inda bakinsa ya tsaya, kada ya ƙare daidai wurin da jiki ya fi faɗi, ya wuce nan ko ya tsaya kafin nan. Waɗannan ba sai an je jami'a ba, madubi mai tsawo da 'yar'uwa mai faɗin gaskiya sun isa. Madubin kina da shi, na gani a ɗakinki. 'Yar'uwar ce kika rasa sai ni, shi ya sa nake haƙuri da ke.

Saboda haka ga abin da muka yanke a nan, kuma da yawun Gwaggo nake magana. Atamfar mun karɓa, kuɗinta kowa za ta biya, tun da kin riga kin sayo kuma ba ma so Kawu ya ji kunya. Masu ƙaramin jiki za su haɗa ta da yadi lami don furen ya sami wurin zama. Ɗinki kuwa kowace mace ta kai wa wanda ya san jikinta, a Kazaure ne ko Roni ko Gwiwa. 'Yan matan da rigar hoton ta karɓa, su ɗinka abinsu, Allah ya ba da sa'ar zif. Telanki na Babura ya ɗinka miki ke kaɗai, amma ki ba shi wannan takarda ya karanta sakin da ya shafe ki kafin ya sa almakashi.

Saura kuɗin sharata. Muharram ta bara ta wuce kin yi shiru, ta bana ma kin ce ba ki da canji. Wadda ta iya sayen leshi mai dutse ba ta rasa canji ba. Ki haɗo su duka ki ba direban da zai kawo atamfar, in ba haka ba ranar kamu a gaban dangin ango zan tambaya.